Masu Cewa Faci Ne, Ga Allura Ga Zare

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Duk abubuwan da suka dami jama'a, malamin nan bai ga abin rubutu ba sai harhaɗa tsummokara?" Na ji. Wani har ya ƙara da cewa a garinsu duk wanda aka gani da riga mai launi bakwai ba a tambayarsa sana'a, kauce masa ake yi a hanya. To, Alhaji, ni ba riga na ce ka ɗinka ba. Bargo nake magana, irin wanda matan Amurka suka yi suna a kansa, suna ce masa kwilt. A yanka ƙyallaye daidai wa daida, a harhaɗa su har su ba da zane, a sa wani abu mai taushi a tsaka, a sa shafi a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada na cikin ya tattare wuri guda. Iyakarsa ke nan. Kuma kafin ku gama raina shi, zan so in ga wanda zai haɗa mini murabba'i tara a cikinku, kusurwoyinsu su haɗu ba tare da ɗaya ta leƙa gidan maƙwabciyarta ba.

Bari in fara da abokin wasana Bakano, don na hango shi yana danna kalkuleta. Wai ga bargon China nan jibge a kasuwa, mai laushi, mai hoton damisa, me zai sa mutum ya ɓata sati biyu yana ɗinka abin da zai saya cikin minti biyar? Tambaya ce mai kyau, irin ta mutanen da ko gaisuwa sai sun duba ribarta. Amma je ka shagon tela ana jajibirin Sallah ka dubi ƙarƙashin keke. Atamfar da aka sayo da tsada a Kantin Kwari, ga guntayenta nan ana takawa, gobe yaron shago ya share ya zuba a bola. Kayan aikin nan kyauta ne, ko kusa da kyauta. Sai dai a nemi izini, don ragowar yadi na mai yadi ne, ko da yake akwai telolin da wannan hukunci bai taɓa isa kunnensu ba, shi ya sa 'ya'yansu suke yin anko da rabin unguwa.

Kuma in kasuwanci kake so, saurara. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, fulawa da abincin kaji a buhunan auduga ake sayar da su. Masu kamfanoni suka lura mata na warware buhunan suna ɗinka wa yara riguna, ragowar kuma su yi bargo. Sai suka fara buga furanni a jikin buhun. Daga nan mace ta riƙa aiken mijinta kanti da umarnin ya zaɓo buhu mai zane iri ɗaya da na wancan karon, don ɗinkinta bai cika ba. Aka wayi gari zanen buhu ne ke sayar da fulawa. Wannan dabara, Bakano, abin kunya ne a ce ba a Kurmi ta fito ba.

Sai kuma mai gemu da ya ce aikin mata ne, ba ya kamata namiji ya tsoma baki. Ranka ya daɗe, ranar hawan Sallah da ka tsaya a rana kana jinjina wa 'yan lifida, me ka ɗauka suke sanye da shi, su da dawakansu? Lifidi ƙyalle ne biyu aka cusa audugar rimi a tsakaninsu, aka bi da ɗinki layi-layi don audugar ta zauna, kibiya ta kasa shiga. Wani ma launi-launi ake haɗa shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Wato ɗinki mai hawa uku ya je fagen yaƙi a ƙasar nan tun ba a san da wata ƙasa wai ita Amurka ba. Abin da matan can suka ƙware a kai shi ne lissafin zanen saman, kuma shi za mu ara.

Wadda ta ce tsumman talaka ne ita ma ga nata. Martha Ricks baiwa aka haife ta a jihar Tenesi, ubanta ya fanshi iyalinsa suka koma Laberiya a 1830. Ta ɗinka bargo mai hoton bishiyar kofi, ta hau jirgin ruwa da tsufanta, a watan Yulin 1892 ta shiga fadar Winsa a Ingila ta miƙa wa Sarauniya Biktoriya hannu da hannu. Sarauniya ba ta ce a kai bola ba.

To, mu bar tarihi, mu zo ga ke ƙanwata da kika ce kin so ki gwada amma ba ki da kayan aiki, don kin ga a Facebook Baturiya na da wuƙa mai taya da tabarmar roba mai layuka da rula mai faɗin faranti. Wuƙar nan kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979. Duk bargunan da aka yi kafin nan, har da waɗanda ke rataye a gidajen tarihi, da almakashi aka yanka su. Nemi kwalin sabulu mai kauri, ki auna murabba'i mai inci 5 kowane gefe, ki yanke shi da kyau. Shi za ki riƙa ɗorawa a bayan ƙyalle kina zagayewa da fensir. In gefensa ya fara cinyewa, ki yanka sabo, kada ki yi masa kara. Almakashi mai kaifi, wanda yara ba su yanka takarda da shi ba, da zare, da dutsen guga ko na gawayi ne, da tsohon keken Butterfly na Inna. In babu keke, allura ta isa. Komai ƙanƙantarta ai ƙarfe ce.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki tsaya a kan auduga zalla. Atamfa da atamfa, ko atamfa da farin yadi na auduga. Kada ki ce leshin bikin yayarki yana da kyau sai ya shiga, ko wancan yadi mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin allura. Kuma ki wanke komai kafin ki yanka, mai duhu daban, mai haske daban. Auduga tana shiga in ta sha ruwa, wata atamfar kuma tana zuba. Gara ta zuba a bokiti ita kaɗai da ta zuba a kan farin da kika kwana uku kina jerawa.

Yanzu ga babban mai gardama, wato tela. Na ga murmushinka, maigida. Kai da ka ɗinka kaftani ba adadi, wai yau za a koya maka miƙaƙƙen layi. To ai ɗinkin kaya yana da afuwa. In ka ci rabin inci a gefen kaftani, mai shi zai zaci ƙiba ya yi, har ya gode wa matarsa. Wannan ɗinkin ba ya yafiya. Dokarsa ɗaya ce: kowane ɗinki ya bar kwatan inci daga bakin ƙyalle, ba ƙari ba ragi, tun daga gidan farko har na ƙarshe. Shi ya sa murabba'in inci 5 yake komawa huɗu da rabi in an gama, kwata ya tafi ta kowane gefe.

A ce hannunka ya saba da sakin baki, ka ƙara rabin kwata a kan kwatan. Kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci, saboda haka kowace gaɓa ta cinye maka kwatan inci a banza. Jeri mai gida 8 gaɓa 7 gare shi, ka ga inci ɗaya da kwata uku sun salwanta. In duk jerin haka suka tafi, da sauƙi, bargon ya ɗan ƙanƙance ne kawai, ba wanda zai sani. Inda tsiyar take shi ne ka yi jerin farko da safe cikin natsuwa, na biyu kuma kana musun ƙwallo da yaran shago, na uku mai kaya na tsaye a kanka yana tuna maka alkawarin makon jiya. Ka zo haɗa su, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwa ba ta ga kusurwa ba. Sai ka fara ja da ƙarfi don su daidaita, bargo ya yi tumbi.

Maganin ba shi da tsada. Auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ka manna salatif hawa uku ko huɗu a kan farantin keke, ya zama ɗan tudu da bakin ƙyalle zai riƙa bi. Sannan ka yi wa kanka jarrabawa a ɓoye, inda yaran shago ba sa gani: yanka tsiri uku masu faɗin inci ɗaya da rabi, ka haɗa su gefe da gefe, ka goge, ka auna. In na tsakiyar ya ba ka inci ɗaya cif, duka ukun kuma uku da rabi, ka ci. In bai ba ka ba, matsar da salatif ɗin, kuma ba sai ka gaya wa kowa ba.

Guga ma tana da nata sharaɗin. Ba buɗe bakin ɗinki ake yi ba, kwantar da shi ake yi gefe guda, galibi wajen ƙyalle mai duhu don kada ya nuna ta cikin fari. Jeri na farko a kwantar da bakunan dama, na biyu hagu, na uku dama. In an zo haɗawa sai su sarƙe da juna, da yatsa ma za ka ji sun zauna. Dutsen kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan sa gaba da baya yadda ake wa shadda.

Na ji wata daga can baya tana cewa ai ita ta ga hoton barguna karkatattu a gidan tarihi, layukansu ba wanda ya miƙe, kuma Turawa na tururuwar kallo. Gaskiyarki, Yaya. Na matan Gee's Bend ne, wani ƙauye a lanƙwasar kogin Alabama, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Da tsofaffin wandunan gona da buhuna suka riƙa yinsu, don gidajensu na katako ba sa tare sanyi. A 2002 aka baje su a gidan adana zane na Hustan, daga nan aka kai Niyok, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunan guda goma a jikin kan sarki. Amma waɗannan mata tun suna 'yan yara suke zaune a gindin iyayensu suna zura zare. Sun san inda layi yake kafin su kauce masa. Naki in ya karkace a makon farko, kada ki ce salon Alabama ne, ki ɗauko reza ki farke.

To da me za a fara? Da abin da in ya lalace ba wanda zai yi kuka: tsumman sauke tukunya. Murabba'i huɗu masu inci huɗu da rabi, biyu masu duhu biyu masu haske, a jera su saɓani. Wannan shi ne gida huɗu, kuma zai ba da inci 8 in an gama. A sa tsohon tawul ninki biyu a ciki, na auduga, don abin roba narkewa yake in ya ji wuta. Cikin yamma ɗaya kin yanka, kin haɗa, kin cusa, kin daje baki. Duk abin da babban bargo yake bukata kin taɓa shi a nan.

Daga nan sai gida tara, wanda shi ne uwar sauran. Uku sau uku, duhu da haske suna karɓa-karɓa kamar gidajen dara, biyar na wannan huɗu na wancan. Da shi aka riƙa fara koya wa 'yan mata ɗinki a Amurka. Ana iya yanka gidajen ɗaya bayan ɗaya, amma akwai hanyar ragwaye, kuma ita na fi so. Yanka dogayen tsiri masu faɗin inci biyu da rabi. Haɗa uku a tsaye: duhu, haske, duhu. Haɗa wasu uku: haske, duhu, haske. Sai ki riƙa datsa kowanne a kwance, inci biyu da rabi, biyu da rabi. Ɗauki biyu daga na farko, ki sa ɗaya daga na biyu a tsakaninsu, ga bulo ya fito mai inci shida da rabi, ba tare da kin taɓa riƙe ƙaramin murabba'i ko ɗaya ba. In kuma wannan ma ya yi miki yawa, ki haɗa tsiri ukun nan ki datsa su inci shida da rabi, ki jera ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Shi ake kira shingen katako, yana fitar da zane mai hawa-hawa, kuma ba shi da kusurwar ciki da za ta tona miki asiri.

Abin da ke fitar da zane ba kyan atamfa ba ne, bambancin duhu da haske ne. Nan ne mutanenmu za su sha wuya, don atamfarmu kowace tana son a ji muryarta. Ki jera guda tara masu hayaniya wuri ɗaya, ba za a ga gida ko ɗaya ba, sai rigima. Ki raba su da farin yadi ko wani launi ɗaya mara zane. In kina shakka, shimfiɗa su a ƙasa ki ɗauki hoto da waya ki mayar da shi baƙi da fari. Jan da kika rantse ya bambanta da kore, sai ki ga ashe tagwaye ne.

Wanda na fi ƙauna shi ne ɗakin gungume, wanda ya bazu a Amurka tun shekarun 1860, zamanin yaƙin basasarsu. Ana fara shi da ɗan murabba'i a tsakiya, bisa al'ada ja, wai murhun gida ke nan. Sai a riƙa kewaye shi da tsiri, ɗaya bayan ɗaya, ana juyawa ta hannu guda kullum: gefe biyu maƙwabta masu haske, sauran biyun masu duhu. Daɗinsa ga mai koyo shi ne ba sai ka auna tsawo ba. Ɗora tsiri, ɗinka, datse abin da ya yi saura, goge, juya, ɗora na gaba. Siraran guntayen da ko hular jariri ba za su yi ba, duk yana cinyewa. In ya kammala sai ka ga bulo ya rabu biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi duhu rabi haske, alhali ba ka yanka komai a karkace ba. Yi guda 16 ka baje a tsakar ɗaki. Ka jera su saɓani, ɗaya a miƙe ɗaya kai ƙasa, su ba ka kunyoyin gona. Ka juya su su kalli tsakiya, su ba ka zobe cikin zobe. Bulo iri ɗaya ne, amma sai ka raba dare kana juyawa, uwargida na tambayar ko lafiya.

Alwatika ita ce mataki na gaba, kuma kada ku yi mata gaggawa. Ƙyalle in an yanka shi a karkace miƙewa yake yi. Dabarar ita ce a ɗinka kafin a yanka: haɗa murabba'i biyu fuska da fuska, ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, yi ɗinki kwatan inci a kowane gefen layin, sannan ka yanka a kan layin. Ka buɗe, ga murabba'i biyu, kowanne rabi duhu rabi haske. Yanka su da ƙarin inci ɗaya a kan girman da kake so a ƙarshe, ka rage daga baya. Huɗu irinsu suna ba da fanka. Daga nan ƙofa ta buɗe, don jaridar Kansas City Star kaɗai ta buga zane sama da 1,000 tsakanin 1928 da 1961, kuma da yawansu murabba'i ne da alwatika aka sake wa zama.

Mai cewa ƙasarmu zafi gare ta, ba ma bukatar bargo, zan neme shi da asubar Janairu, lokacin da yake rawar ɗari a bakin buta yana tunanin ko taimama ta halatta. Mutanen Jos da Mambila ba sai na yi musu bayani ba.

Haɗa hawa ukun ba wuya, sai dai ciwon gwiwa. Shimfiɗa shafin a ƙasa, fuskarsa na kallon ƙasa, ki ja shi ya miƙe. Ɗora na tsakiya, tsohon zanen gado mai kauri ko siririn bargon da ya gaji, sannan saman. Shafin ya fi saman faɗi ta kowane gefe. Ki bi da fil mai kulle, tazarar tafin hannu, daga tsakiya zuwa waje. In keken ya ƙi jan kauri, ko yana tattare na ƙasa, rabu da shi. Zura zare mai kauri a babbar allura, ki soka a kusurwar kowane gida ki fito, ki ƙulla sau biyu, ki datse. Ko ki bi da ɗinkin hannu na shiga-fita, wanda da shi kaɗai matan Bangal suke mayar da tsofaffin zannuwansu mayafi. Baki kuma, rage shafin ya saura inci ɗaya a kewaye, ninka shi sau biyu ya hau kan saman, ki bi da ɗinki.

Saura ke, Hajiya, da tun ɗazu kike ɗaga hannu. Na san ba tsumman tukunya ya kawo ki ba. Kin ga hoton babban tauraron nan mai reshe takwas da ya cika gado, kuma bikin 'yarki saura mako uku. In kowane reshe yana da guntu 36, guntaye 288 ke nan, kowanne a karkace aka yanka shi, kowanne yana miƙewa in an taɓa, kuma tsini takwas ne za su haɗu a cibiya ɗaya. Kuskuren kaurin zare a kowane ɗinki ya isa ya sa tsakiyar ta tashi tsaye ta ƙi kwanciya, ko da tela uku sun hau kanta da dutsen guga. Ga dangin ango kuma za su zo ganin ɗaki, kin san bakinsu.

Ki je wurin Bakanon nan ki sayi mai hoton damisa ki sa a kayan ɗaki, ya samu cinikin da yake nema tun farko. In an watse daga biki, ki ɗauko kwalinki na inci 5 ki yanka murabba'i 80, takwas a kwance goma a tsaye. Zai ba ki shimfiɗar jariri mai inci 36 da 45. In Allah ya kawo rabo da wuri, kina da wata tara kafin a neme ta.